Majanyin da Luba Ta Kwance

Wata daga cikinku, ba zan faɗi sunanta ba don ta san kanta, ta tambaye ni ran da aka kawo ku daga makaranta: "Malama Balki, wai aikin ke nan? A karɓi kaya nan, a miƙa can?" Na ce eh, shi ke nan, ta ɗauki tsintsiya. Ba ni da haƙurin dogon bayani a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta muku. Na san 'yan shekaru kaɗan na ba ku. Amma nawa a ɗakin nan na yi su, ku kuwa a aji kuka yi naku.

Ɗakin kayan jarirai na Wurno ɗaki ne guda na ƙasa a bayan ɗakin shan magani. Matan gari ne suka haɗa kai suka tsayar da shi. Mai hali ta kawo abin da take da shi, mu gyara, mu kai wa mai jegon da ta haihu ba ta da ko ƙyallen da za ta naɗe ɗa. Ni ce mai keken ɗinki. Inna Kulu ce uwar ɗakin. Ungozoma ce, ita ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke gaishe ku a hanya, kuma a hannunta na koyi aikin.

Aikin farko da ta ba ni tsohon zanen saƙi ne, ya koɗe har shuninsa ya koma ruwan toka. Na ɗauko almakashi zan faɗa masa. Ta ce in aje, in goga zanen a wuyana tukuna. Na goga tsakiyarsa, laushi kamar auduga. Na goga bakinsa, kaushi. Ta ce, "To, kin gani. Tsakiya ta cibiya ta, baki na maɗauri na." Zane guda ba abu guda ba ne. Inda aka fi zama a kai shi ne na fatar jariri, inda ya rage da ƙarfi shi ne na igiya da kalmasa. Kafin almakashi ya taɓa shi kuma sai an dafa shi da ruwan toka da sabulun salo, an shanya a rana, an bi shi da dutsen guga mai gawayi, saboda ƙwarƙwata da ƙwanta a cikin ɗinki suke ɓuya. Rigar jariri a baibai ake ɗinka ta, haɗin ya kalli waje, don kada ya ci masa hammata. Ba a sa maɓalli. Wadda ta sa wa rigar jariri maɓalli a ɗakin nan, da haƙorinta za ta cire shi.

Keken kuwa na hannu ne. Wata Baturiya ce ta bar mana shi da mijinta ya gama aiki za su koma ƙasarsu, aka ɗoro shi a mota daga Sakkwato. Yana da hali. Yadi mai laushi irin akoko da alawayyo yana cinsu kamar ruwa, amma da ya ji gwado ko majanyi sai ya fara tsallake ɗinki, sai kin rage gudu kin riƙa tura masa da yatsa. In allura ta karye, sai ran da aka sami mai zuwa birni, don haka in ta dakushe wasa ta nake yi a kan dutse. Kada wadda ta kuskura ta zuba masa man gyaɗa. Mansa na cikin 'yar kwalbar da ke rataye a bayan ƙofa.

Masu kawo kaya iri-iri ne, kuma sai kun san su. Akwai matan Turawa. Su sukan aiko ta hannun Sista, Baturiyar asibitin da ke zagayo mu wata-wata. Abin da suka fi aikowa safa ce ta ulu da hula mai tuntu, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Ba ma raina musu, hannunsu suka sa suka saƙa. Warwarewa muke yi mu mayar da su 'yan barguna. Akwai matan attajirai, masu aiko da turmin atamfa a kan 'yar aike, a bi da shi ta tsakiyar kasuwa don a gani. A gani ɗin, mu dai mun samu. Sannan akwai wadda za ta zo da sassafe, ta aje ƙulli a bakin ƙofa, ba ta zauna ba, ba ta dube ki ba. Wannan ɗanta ne ya rasu, ta kasa kallon kayansa. Kada ki kwance ƙullin a gabanta. Kada ki tambaye ta. Ki ce Allah ya ba da lada, ki bar ta ta tafi. Ku riƙe wannan: yawancin tsofaffin kayan da ke shigowa ɗakin nan ta wannan hanya suke shigowa.

Kaiwa ta fi karɓa wuya. Ba a kai wa mace kayan jariri tana da ciki, ko da gobe za ta haihu, ba za ta karɓa ba, kuma za ta tsane ki. Ba a shiga gida a ce an kawo sadaka. Barka kika zo, ki gaishe da mai jego, ki ɗauki jariri ki yaba, ki tura ƙullin bayan ƙyaure kamar kin manta da shi. In haihuwar fari ce, mai jegon ba za ta ko kalli inda kayan suke ba saboda kunya, uwarta za ki ba. Duk wannan a wata biyu za ku iya shi. Abin da ba a koyo a wata biyu shi zan ba ku labari.

Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya cinye shinkafar fadama, gidaje suka zube a ƙauyen Magarya, hatsi ya yi wuya har mata suka riƙa fitar da zannuwansu kasuwa. Wadda ke sayar da zanen jikinta ba ta da tsohon da za ta kawo mana. Haihuwa kuwa ba ta san ana yunwa ba. Kafin tsakiyar damina ɗakin ya koma babu komai sai 'yan guntaye, da buhunan gishiri da nake farkewa in dafa, da bandir guda na sabon akoko da Sista ta kawo.

A cikin wannan hali aka aiko daga Magarya cewa Hajo ta haihu. Hajo mai wabi ce, wato duk ɗan da ta haifa ba ya daɗewa yake komawa. Huɗu ta binne. Wannan na biyar kuma bai cika watanninsa ba. Na ɗinka riguna da mayafai daga sabon akokon, na wanke su har suka yi laushi, muka bi jaki ni da Inna Kulu ana yayyafi.

Mun same ta a wata 'yar bukka da aka kafa kan tudu, don ɗakinta ya faɗi. Ƙasa jiƙe. Zane guda ne a jikinta, shi ma da lema. Ta juya fuska ga zana, ba ta kallon yaron, kamar ba nata ba. Amma na ga hannunta a ƙarƙashin zanen, ta tallafe shi. Yaron bai fi goran fura ba. Na taɓa ƙafarsa, sanyi kamar randa.

Na kwance ƙullina. Uwar Hajo, wata tsohuwa siririya, ta ɗaga riga ɗaya ta shinshina, ta mayar.

"Wanga sabo na."

"Sabo na, Gwaggo, kuma wankakke."

"Ba mu sa mishi sabo."

Na san al'adar, kowa ya sani. Ɗan wabi ba a tarbarsa da sabon abu, wai in ya ga ana ɗokinsa sai ya koma. Tsumma ake roƙowa daga gidan da aka goyi yaro ya rayu, a naɗe shi da shi, don ya bi sawun wancan. Ni ban yarda da wannan ba, har gobe. Na ce, "Gwaggo, sanyi ka kashe jariri, ba akoko ba."

"Na jiya, ɗiyata. Sanyi na. Amma ba mu sa mishi sabo."

Na fito da 'yan tsofaffin guntayen da na zo da su. Ta ce na gidan wa ne? Ban sani ba. Yaron da ya sa su yana raye? Nan ma ban iya rantsewa ba, kun kuwa san dalili. Ta tura mini su da bayan hannu. Na buɗe baki zan yi faɗa, Inna Kulu ta taka mini ƙafa. Ta sa aka hura wuta, ta kwantar da yaron a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ta ce da ni, "Kada ki ɓata bakinki. Koma gari ki biɗo. Ni ina nan."

A bakin bukka na ja ta gefe. "Inna, mu dirje akokon ga da ƙasa, mu ce na gidan wance na."

"Sai tsohuwa ta ɗauki goro ta tai godiya gidan wance. Sai mi?"

Na hau jaki na koma Wurno.

Ku kuna tsammani tsumma abin banza ne, kowa zai bayar. Na kowa, eh. Amma wanda za a kai gidan mai wabi, a'a. Yadda dangin Hajo suka yarda rai zai bi tsumma ya je wurinsu, haka masu tsumman suka yarda wabin zai bi hanyar ya zo gidansu. Na shiga gida na farko, matar ta ce akwai, har ta tashi. Sai ta tsaya.

"Wa za ki kai ma?"

"Hajo ta Magarya."

"Hajon da..."

"Ita."

"Kash! Wallahi jiya-jiya akuya tac cinye shi."

Akuyoyin Wurno sun ci tsumma da yawa a ranar nan. Wata ta ce ruwa ya tafi da nata, alhali gidanta na kan dutse. Ɗaya ce ta gaya mini gaskiya, kuma na fi ganin girmanta. Ta ce, "Malama, ba rowa ta ba. In nib ba ki, ɗana yay yi ko atishawa, mi za ni ce ma ubanai?" Na yi mata sallama na fito.

Gidan Luba ban yi niyyar shiga ba. Ruwa ne ya tsuge, na faɗa zaurensu, ƙamshin ƙosai ya ja ni ciki. Luba mutuniyar Rara ce, aure ya kawo ta Wurno, tana tuya a gida ana shigowa saye. Ta yi shekaru da yawa ba haihuwa, har an daina yi mata addu'a a gabanta, sannan Allah ya ba ta Sanda. Duk gari an san yadda take da yaron nan. Ba ta sauke shi. Tuya da shi, daka da shi, wuyansa cike da layu. Ita ce mace ta ƙarshe da zan roƙa, don haka ban roƙe ta ba.

Tana zaune a rumfa gaban kasko, Sanda na barci a bayanta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a, Malama Balki! Ke da tsohuwar kaza wa yaf fi jiƙewa? Boko bai koya muku gudun ruwa ba?"

"Ba ni ƙosai, Luba, bar ni da abin da ad damuna."

"Mi ad damunki? Miji kika biɗa gida-gida? An ce tun hantsi kike yawo."

Na gaya mata, ina ci ina zagin akuyoyin gari. Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da juya ƙosai, ta kwashe, ta zuba wani.

Can ta ce, "Jaririn, ƙaƙa girmanai?"

Na gwada mata da hannu.

Ta sauke kaskon daga wuta. Ta miƙe, ta sunkuya, ta kai hannu ƙirjinta ta kwance majanyin. Ta zamo da Sanda ta gefe ta ɗora mini shi a cinya, ɗumi ɗumi, yana ta barcinsa. Ta kwance zanen goyon ma, ta haɗa.

Uwar mijinta na ƙofar ɗaki tana kallo. "Luba, mi kika yi?"

"Zahi nika ji, Inna."

"Zahi cikin ruwan ga? Na jiya abin da yarinyag ga tac ce. Aje shi."

Luba na ninkewa.

"Shekara nawa munka yi muna roƙo kahin a ba mu yaron ga? Ki ɗauki majanyinai ki kai gidan da ɗiya ba su kwana?"

"Allah munka roƙa, Inna, ba majanyi ba."

"Bari ubanai shi dawo!"

"Shi dawo. Ni nis saƙa abuna, da audugata." Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar rigar da Sanda ya girme wa, ta ɗora a kai, ta miƙo mini. Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Mi kika kallo? Ki ce musu na Luba ta Rara na, mai ƙosai. Ɗanta na nan, ya hi jakinku ƙiba. Tashi, kin cinye min riba."

Duk saurin da nake yi ban tsallake dafawa ba, ku ma kada ku taɓa tsallakewa. Na dafa su, na matse, ba rana, don haka da dutsen guga na busar da su, ina ta canza gawayi. Zanen goyon na ninka shi biyu na ɗinke gefe uku, ya zama kamar jaka, yadda iska ba za ta shiga ta ƙafa ba. Majanyin ban sa masa almakashi ba. Saƙar hannu ce mai kauri, baƙi da fari, da tuntaye a baki, keken ma ba zai ci shi ba. Na naɗe su a cikin tabarma na koma Magarya kafin la'asar.

Uwar Hajo ta karɓa ta kai hanci. Duk dafawar da na yi, ƙamshin man tuya da hayaƙi bai fita ba. Ta daɗe tana shinshinawa. Ta ce, "Wanga an yi goyo da shi." Na faɗi sunan mai shi. Ta ce ta san ta, ta san yaron. Inna Kulu ta zura jaririn a jakar, ta mayar da shi ƙirjin Hajo, ta ɗaure su tare da majanyin, ta gaba, don bai isa goyon baya ba. Kafin mu tafi na sake taɓa ƙafarsa. Ta fara ɗumi. Ran suna aka yi masa laƙabi da Ajuji, wai na juji ne, ba mai so.

Da labarin ya tsaya nan da ban ɓata takarda ba. Da kaka ta yi, zazzaɓi ya kama Sanda. Ba ƙarami ba, irin mai shiɗewa, ido ya juye. Kafin azahar duk Wurno ta ji, kuma ba wanda ya ce zazzaɓi ne. "Ai mun hwaɗi." A bakin rijiya, a wurin daka, maganar ke nan. Matan da suka saba gaishe ni suka riƙa sauya hanya. Uwar mijin Luba ba ta yi shawara da kowa ba, ta aika Magarya: a maido majanyi, ko abin ya saki yaron.

Ina gidan Luba ran da aka kawo shi, na zo ɗura wa Sanda magani. Hajo ce da kanta, a ƙasa ta tako tun daga Magarya. Ajuji na rungume a hannunta, ta rufe shi da gefen zanenta, ya yi ɗan nama amma har yanzu abin tausayi. Majanyin kuwa ta wanke shi, ta ninke, ta ɗoro shi a kan faifai. Ta durƙusa a tsakar gida, nesa da rumfa, kamar mai tsoron inuwarta ta taɓa wani.

"Ga shi, Yaya. Allah shi ba shi lahiya. In daga gare ni ta, ki yahe man."

Luba na zaune, Sanda a cinyarta, jikinsa kamar kasko. Ta kwana biyu ba ta yi tuya ba, idonta ya faɗa. Tsohuwa uwar mijinta ta taho da sauri ta miƙa hannu ga faifan.

"Bar shi, Inna."

"Luba, ɗanki na mutuwa!"

"Na gani. Bisa ƙahwata yake."

Ta ɗago Sanda ta ba ni. Ta tashi da ƙyar, ta je ta ɗauki majanyin ta warware shi. Ta tsaya tana kallonsa, har na ce a raina za ta juyo ta rufa wa ɗanta, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba. Sai ta ce da Hajo, "Tashi. Juya."

Hajo ba ta gane ba. Luba ta karɓi Ajuji daga hannunta, ta dafa mata kafaɗa ta sunkuyar da ita, ta kwantar mata da yaron a baya. Ta ja zanen ta rufe shi, ta kewaya majanyin ta ƙarƙashinsa, ta zagayo gaba ta ƙulle a ƙirjin Hajo, ta ja ƙullin har Hajo ta yi nishi.

"Wa ka ɗauko jariri a hannu tun daga Magarya cikin ranag ga? Ba ki da hankali? Zazzaɓin kaka na. Kowace shekara shina zuwa, tun ba a haihi naki ba. Sha ruwa ki koma gida."

Hajo na kuka, tsohuwa na kuka tana faɗa, Luba ta dawo ta karɓi ɗanta ta ce da ni, "Ke kuma kin tsaya baki buɗe. Ɗura mishi."

Sanda ya tashi. Yanzu shi ne ke korar kaji daga bakin kaskon uwarsa. Ajuji ma na nan a Magarya, yana gudu, ba ya jin magana. In kun tambaye ni abin da ya tashi Sanda, zan ce ikon Allah da maganin da na ɗura masa, ba wani majanyi. Amma lokacin da Luba ke jan ƙullin nan a ƙirjin Hajo, ba ta san zai tashi ba. Ni da ke riƙe da shi, ina jin zafinsa a hannuna, ban sa rai zai kai gobe ba.